Ƙoton Leda Da Ƙoton Teku: Wa Za Ka Sayar Wa Wanne?



Akwai wata haja da ta shigo hannun masu sayar da kayan su a garuruwan bakin teku cikin 'yan shekarun nan, kuma na ga tana raba kan mutane. Ƙoto ne, wato abincin da ake soka wa ƙugiya don kifi ya haɗiya, sai dai wannan a masana'anta aka yi shi. Yana zuwa cikin leda ko 'yar roba mai murfi, da siffar jatan lande ko tsutsa ko ɗan ƙaramin kifi, an jiƙa shi cikin wani ruwa mai ƙarni. Turawa suna kiransa mai ƙamshi, amma duk wanda ya buɗe ya sansana zai gane cewa hancin kifi aka yi wa ƙamshin nan. Masu kawo shi suna cewa ya fi ɗanyen ƙoto kamu. Tsofaffin masunta kuwa dariya suke yi. Ni da nake sayar da ƙugiya da zare da dalma a Tema ta ƙasar Gana shekara da shekaru, na sayar da shi, na kuma jefa shi a ruwa da hannuna, don haka ina da abin faɗa. Maganar tawa ta fi shafar ɗan kasuwa, domin kafin ka zuba jarinka a haja ya kamata ka san wa za ta amfana, wa kuma za ta cuta.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa, fatsar da muka sani ta kogi ce da tafki. Yaro zai tono tana a gindin randa, ko ya kamo fara, ko ya roƙi hanjin kaza a wurin mahauci, ya ɗaura zare a kara ya zauna bakin rafi. Wasu har da ɗan gutsuren sabulu suke kama tarwaɗa. Ruwan a kwance yake, ƙoto yana zaune inda ka ajiye shi har kifi ya zo. Teku ba haka take ba. Igiyar ruwa tana dukan ƙoton, tana birgima shi cikin yashi, tana wanke shi. Kafin ma ya kai ruwa, sai ka wurga shi nesa da dukan ƙarfinka don ya wuce inda igiyar ke fashewa, kuma ƙoto mai laushi sau da yawa a iska yake rabuwa da ƙugiya. In ya tsira ya nutse, ga ƙaguwa da ƙananan kifaye suna jiransa, su tsattsage shi kafin babban ya iso. To, waɗannan wahalhalu su ne suka buɗe wa ƙoton leda kasuwa.

Don a gane rigimar, sai an san yadda kifi ke neman abinci. Ka ɗauki kifi ka duba gaban idonsa, za ka ga 'yan ramuka, galibi biyu a kowane gefe. Hancinsa ke nan, amma ba ya numfashi da shi. Ruwa yana shiga ta ramin gaba ya fita ta na baya, a tsakani ya bi ta kan wata tsoka mai ninki-ninki da ke gane abin da ya narke a cikinsa. Masana sun gano cewa abin da ya fi tayar wa kifi da yunwa shi ne wasu sinadarai da ke fita daga jikin naman halittun ruwa, musamman waɗanda ake kira amino asid. Tarwaɗa kuma, ta kogi da ta teku, har da gashin bakinta da fatar jikinta take ɗanɗana abu. Ƙarnin yana tafiya ne da gudun ruwa kamar yadda hayaƙin mai tsire ke bin iska: wanda ke inda iskar ta nufa shi ke fara jin yunwa, wanda ke bayan mai tsiren kuwa sai ya zo kusa. A riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo gare shi: abin da bai narke a ruwa ba, kifi ba ya jin warinsa.

Akwai kuma kifayen da ido ne jagoransu. Barakuda, dogon nan mai haƙora kamar zarto, ƙyalli da gudu yake bi. Shi ko cokalin ƙarfe ka ja a gabansa zai kai masa cafka. Masu kiwo a ƙasan ruwa su ne 'yan hanci: jan kifi, da wanda ake kira kasaba a kasuwannin nan, da tarwaɗar teku. In ruwa ya gurɓace, ko da dare, hanci ya fi ido aiki. Galibin masu fatsa daga bakin gaɓa irin waɗannan kifaye suke samu.

Ɗanyen ƙoto a nan wajenmu iri uku ne ya fi yawa. Akwai amane, ɗan kifin nan dangin sadin da ake ƙyafewa a kai har arewa. Yana da mai da jini, ƙarninsa yana tafiya nesa, amma yana da laushi. Akwai jatan lande, wanda kusan babu kifin da ke ƙin sa, ga tsada ga saurin zamewa daga ƙugiya. Akwai kuma wata halitta mai hannuwa goma da ke fesa baƙin ruwa kamar tawada. Namanta fari ne mai yauƙi da tauri, ka yanka shi siri-siri ya zauna daram a ƙugiya. Duk ukun abinci ne da kifi ya sani tun yana ɗan tsako. Warinsa daidai, ɗanɗanonsa daidai, taushinsa a baki daidai, don haka in ya kama ba ya tofarwa. Ban taɓa ganin abin da ya doke sabon ƙoton da aka ciro daga ruwa da safen nan ba, kuma duk mai gaya maka akasin haka, ka duba ko yana da kwalin da yake son ya sauke maka.

Matsalar tana cikin kalmar "sabo". Ɗanyen ƙoto haja ce ta yini guda. A zafin bakin teku, amane da ka saya da hantsi in babu ƙanƙara kafin la'asar ya zama kunu. Wanda aka daskare a firji aka narke, namansa yana saki, rabin ƙarfinsa ya tafi. Waɗanda suka zauna a Gana a shekarun dumso, wajen 2013 zuwa 2015, lokacin da wuta ke ɗaukewa yini guda cur, sun san abin da ake nufi da dogaro da firji. Sannan ba kullum ake samunsa ba. Ranar Talata, a yawancin gaɓar Gana, kwale-kwale ba ya fita, al'ada ce tun kaka da kakanni. Amane yana da lokacinsa, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku. Shi ma ɗin ya ragu ƙwarai saboda yawan kamu, har ya sa a 2019 gwamnati ta fara rufe teku ga 'yan kwale-kwale na wata guda, daga 2021 zuwa 2024 kuma aka riƙa yin hakan cikin watan Yuli. Kifin da a da ake ba yaro kyauta ya je fatsa, yanzu mata masu ƙyafa kifi suna rububinsa tun kwale-kwale bai gama tsayawa ba.

Shi kuwa ƙoton leda daga Amurka ya samo asali, inda fatsa wasa ce ta masu hutun ƙarshen mako. Sunaye biyu aka fi ji. Na farko Gulp, na kamfanin Berkley da ke garin Spirit Lake a jihar Iowa. Wanda ya kafa kamfanin, Berkley Bedell, ya fara ne a 1937 yana matashi, yana ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu a gidansu yana sayarwa, daga baya har ya zama ɗan majalisar tarayya. Ka ga ƙaramar sana'a ba abin rainawa ba ce. Na biyu Fishbites, wanda wani malamin jami'ar Florida, Dokta William Carr, ya ƙirƙiro bayan ya daɗe yana binciken abin da ke sa halittun teku su ci abinci. Na farkon ana yin sa da siffar halitta, jikinsa kamar soso ne da ya sha ruwan ƙarni, in ya shiga teku sai ya riƙa saki. Na biyun kuwa falle ne kamar cingam, wani da ɗan ƙyalle mai raga a ciki, ka yanka daidai ƙugiyarka, yana narkewa sannu a hankali. Dukansu dabarar guda ce: a ɗauko sinadaran nan da kifi ke so, a zuba su cikin abin da ba ya ruɓewa.

Sai na uku, wanda ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi araha. Roba ce zalla mai laushi, an shafa mata mai mai warin tafarnuwa ko wani yaji. Ka buɗe ledar wari ya bugi hancinka, ka ce lallai wannan zai yi kamu. To, a nan ne za a tuna maganar da na ce a riƙe. Mai ba ya narkewa a ruwa, sama yake tasowa. Roba kuma ba ta shan ruwa balle ta saki abin da ke cikinta. Irin wannan yana iya kama kifi in ka iya jan sa yana rawa kamar mai rai, amma ido ne ya yi aikin. Ka jefa shi ka zauna jira kamar yadda ake yi da amane, za ka kwana a wurin. Masu saye da yawa ba su san bambancin ba, mai sayarwa kuma wani lokaci bai sani ba, wani lokaci ya sani ya yi shiru.

Lokacin da na fara ajiye mai kyaun a shago, wanda na fara nuna wa wani dattijo ne, mutumin Ga, da ya daɗe yana sayen ƙugiya a wurina. Yana da kwale-kwale irin wanda ake kira lagas, masu akwatin ƙanƙara, da ke yin kwanaki a teku suna fatsar jan kifi a wuraren duwatsu. Ya karɓi ledar, ya juya ta, ya buɗe ya sansana, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Alhaji, guda nawa ne a ciki?"

Na ce, "Takwas ne, Baba."

"Nawa kake sayarwa?"

Na faɗa masa. Sai ya yi shiru, ya ɗaga yatsu yana lissafi. Ya ce yaransa goma sha biyu ne a jirgi, kowane zare da ƙugiya da yawa, kuma ana sake ƙoto dare da rana har kwana huɗu. Kuɗin leda ɗaya zai saya masa amane da zai yanka ya soka wa ƙugiya fiye da ɗari. Ga ƙanƙara yana da ita ko da ma, don kifin da zai kama. In ƙoto ya ƙare a can, sai su yanka daga abin da suka kama su ci gaba. Ya miƙo mini ledar ya ce, "Abin yana da kyau, amma wanda ya yi shi bai yi don mai ciyar da gida goma sha biyu ba. Ka nemi mai ƙugiya ɗaya."

Maganar nan ta dattijo ita ce duk ilimin wannan haja. Masuncin da su ne sana'arsa yana zaune a bakin ƙoto, yana samunsa da sari, yana da wurin ajiya, ƙugiyoyinsa kuma ba su ƙirguwa. Ko manyan jiragen tuna da ke tashar Tema, masu kamu da sanda, ƙananan kifin nan da ake yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta suke ɗiba da ransu su watsa a ruwa. Babu ledar da za ta maye wannan.

Mai ƙugiya ɗaya kuwa yana nan, kuma da yawansu 'ya'yanmu ne. Samarin zangon Ashaiman da Nima, direbobi da teloli da masu gadi da masu aiki a tashar jiragen ruwa, waɗanda ranar Lahadi kaɗai suke da ita. Akwai wani direban tirela da ke zuwa wurina. Yakan dawo daga Wagadugu ko Yamai cikin dare, ya yi sallar asuba, ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin ruwa kafin rana ta ɗaga, domin lokacin ne kifi ke ci. A wannan sa'a babu mai sayar da amane da ya fito. In ya tsaya jiran kasuwa, safiyar ta wuce. Ɗakinsa ɗaya, ba firji. Wannan yaro leda ɗaya a aljihun jaka ta canja masa Lahadinsa. Ya ce mini, "Kawu, ba wai ya fi amane ba ne. Amma shi yana jirana, amane ba ya jira." Wata rana ya kawo mini kasaba biyu a shago, ya ce a kai wa Hajiya.

Ni ma na so in gani da idona, don kada in riƙa faɗa wa mutane abin da na ji a bakin dillali. Lahadi da dama na fita da ɗana na uku, muka je gaɓar Sakumono, wani lokaci mu wuce har Prampram. Mukan ɗaura ƙugiya biyu a zare ɗaya, ta sama da ɗanye, ta ƙasa da na leda, in an jima mu sauya musu wuri don kada a ce matsayi ne ya jawo. Abin da na gani shi ne, in ƙoton sabo ne, shi kifi ke fara taɓawa, kusan kullum. Amma bayan kamar sulusin awa a ruwa, ɗanyen ya wanke ya yi fari, ko ƙaguwa ta cinye shi, ka jawo ƙugiya tsirara. Na ledar yana nan. A ranar da ƙananan kifaye suka yi yawa, shi kaɗai ke daɗewa har babba ya iso. A ranar da ruwa ya yi sanyi kifi ya yi nauyin baki, ɗanyen kaɗai suke kulawa. In kuma amanen na jiya ne da ya kwana a firji, to, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu ƙwarai.

Yaron ne ya kawo dabarar da muka zauna a kanta. Ya ce, "Baba, me zai hana mu haɗa su a ƙugiya ɗaya?" Sai ya soka guntun jatan lande, ya bi shi da ɗan falle na leda a bakin ƙugiyar kamar makulli. Fallen ya hana ɗanyen zamewa wajen wurgi, ɗanyen ya kira kifi, in an sace shi kuma ƙugiya ba ta zauna banza ba. Da haka leda ɗaya takan yi mana fita uku ko huɗu, jatan lande kaɗan ya ishe mu yini.

Mai siffar halittar yana da nasa sharaɗi. An yi shi ne don a motsa shi. Ka sa shi a ƙugiya mai dalma a kai, ka jefa, ka bar shi ya taɓa ƙasa, ka ɗan fizga, ka saki, ka sake fizga, kamar jatan landen da ke tsalle cikin yashi. A bakin kogin Volta wajen Ada, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri kuma igiya ba ta da ƙarfi, nan ya fi nuna kansa. Wannan fatsa ce ta mai tsayuwa da tafiya. Dattijon da ke son ya kafa sanda a yashi ya zauna yana jan carbi, a ba shi falle ko ɗanye.

Ajiyarsa kuma duk wanda ya taɓa fataucin goro zai gane ta nan take. Goro in ka bar shi a buɗe ya sha iska, ya bushe ya yanƙwane, ya tashi daga haja. Sai an lulluɓe shi da ganye, ana yayyafa ruwa, ana dubawa. Haka wannan ƙoto. In ka gama fatsa ka bar shi a ƙugiya, kafin gobe ya ƙanƙance ya yi tauri kamar ƙaho, sai da wuƙa za ka cire shi. A mayar da shi cikin ruwansa, a rufe da kyau, a kawar da shi daga rana. A shago kada a rataye shi a ƙofa inda hantsi ke dukansa, komai kyan da zai yi wa masu wucewa. Ruwan nasa kuma in ya zube a jaka ko a mota, sai dai haƙuri. Maiɗakina ta kafa doka tun ranar farko: ɗanye ba ya shiga firjinta, na leda ba ya shiga ɗakinta. Ta ce, "Alhaji, kai da kifinka ku sasanta a waje." Yanzu a wani tsohon bokitin fenti mai murfi nake ajiye su, a bayan shago.

Iyaye mata, ga wata magana taku. Abin nan launinsa ja ne da ruwan hoda da kore shar, ga laushi, ga santsi. A idon yaro ɗan shekara uku alewa ce. In maigida ko ɗan saurayinku yana fatsa, a sa jakar a sama inda hannu ba ya kaiwa, balle ma galibi tare da ƙugiya ake ajiye su. Masu fatsa kuma, wanda ya yage kada a jefa shi a ruwa ko a yashi, musamman na roba zalla, domin ba ya ruɓewa kuma kifi yana haɗiye shi. Wanda ya ga yadda leda ta cika gaɓar Ankara wajen bakin Korle ya san ba a bukatar ƙari daga hannunmu.

Yanzu ga ɗan uwana ɗan kasuwa da ke Lome ko Kwatano ko Duwala ko Takoradi, wanda dillali ya zo masa da kwali yana zuba masa zaƙin baki. Abu na farko, ka dubi masu shigowa shagonka. In 'yan kwale-kwale ne, ka ƙara jari a ƙugiya da zare da dalma, ka bar ledar nan. In kana da ma'aikata da samari da baƙi masu fatsar hutu, ka ɗauki kaɗan, ka ga yadda za ta tafi. Haja ce da ake saye da dala a sayar da sidi ko sefa, kuma tana tafiya a hankali. In kuɗin ƙasa ya faɗi tana kan kanta, ribar da ka lissafa ta narke, kamar yadda muka gani a Gana a 2022. Abu na biyu, ka gwada kafin ka saya. Ciro guda ɗaya ka ajiye a kan tebur ya kwana. In da safe ka same shi ya bushe ya ƙanƙance, mai shan ruwa ne, na gaske. In yana nan yadda yake yana ƙyallin mai, roba ce, ka saye shi da kuɗin roba, ka sayar da shi da sunan roba. Abu na uku, ka duba bakin ledar da ruwan da ke ciki, domin wadda ta huje a hanya ta riga ta mutu.

Abu na huɗu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. In mutum ya tambaye ka wanne ya fi, ka tambaye shi tukuna: ina kake zuwa, ƙarfe nawa kake fita, kana da ƙanƙara, ƙugiya nawa kake jefawa, kuma kifin na miyar gida ne ko na nishaɗi? Sau da yawa na mayar da mai saye da kuɗinsa a hannu, na ce ya gangara bakin ruwa ya sayi amane na kwata ɗin abin da zai ba ni. Akwai wani magidanci mai 'ya'ya biyar da aikinsa ya tsaya, ya zo zai zuba kuɗin cefanen kwana biyu a leda ɗaya, don an gaya masa kifi ba ya tsallake ta. Gidansa tafiyar minti goma ne daga inda kwale-kwale ke sauka. Na ce, "Malam, riƙe kuɗinka. Ga ƙugiya biyar da dalma biyu, je ka wurin matan can ka ce su ba ka wanda ya farfashe, da arha za su ba ka." Na rasa cinikin leda a ranar. Mutumin kuwa har yau a wurina yake sayen zare, ya kuma kawo mini ƙannensa biyu.

Mu baƙi ne a garuruwan nan, ko da an haifi wasunmu a cikinsu. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja da jakuna ba su da takarda ko lauya, abin da ya sa aka ba su masauki aka kuma ba su bashi shi ne an san maganarsu ɗaya ce. Masunci ya fi kowa riƙe abu a zuciya. In ka sayar masa da ƙugiyar da ta miƙe a bakin babban kifi, ko ƙoton da ya zaunar da shi yini banza, kafin magariba duk gaɓar ta ji, kuma ba sunanka kaɗai za a kira ba, cewa za a yi "Bahaushen nan". Ribar leda ɗaya ba ta kai wannan ba.

Matan gida sun daɗe da warware irin wannan rigima a madafa. Ɗanyen tumatir ya fi daɗin miya, kowa ya sani, amma babu mai hankalin da za ta rasa gwangwani ɗaya a kwando saboda ranar da baƙo zai sauka da dare. Ba ta kuma dafa abincin biki da ƙananan gwangwanaye alhali kwandon tumatir yana araha a kasuwa. Mai fatsa ya yi koyi da su. In ka sami sabo, yi amfani da sabo. Ka ajiye leda ɗaya a jaka saboda asuba, da Talata, da ranar da ƙaguwa ta hana ka sakat.

Wanda ke wata gaɓar kuma, a Kribi ko Abijan ko Fatsudan, ruwanku daban kifinku daban, ku gwada da ƙugiya biyu kamar yadda muka yi kafin ku yanke hukunci. Samari masu fita bakin teku, a kula da igiyar ruwa, kada a hau duwatsu masu santsi lokacin da teku ke cikowa, kada kuma a fita ba a gaya wa kowa a gida ba. Allah ya tsare mana ku, ya sa albarka a kasuwa, ya ba mai fatsa rabonsa.